Gansakukar Ajinmu da Baƙuwar Kainuwar Kogin Isa

Shekara uku ke nan da na ajiye akwatin gilashi mai kifi a cikin ajina, a makarantar firamare da nake koyarwa a nan Zongo. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Wani mai yankan gilashin taga ne ya haɗa mini shi, yana cin ruwa kamar bido biyu na lita ashirin da biyar. Na shimfiɗa yashi a ƙasa, na dasa ƴan ciyayin ruwa, na saka jan kifi guda huɗu irin na ado, waɗanda na saya da kuɗin aljihuna ba tare da uwargida ta sani ba. Abin da ya kai ni shi ne darasin numfashin tsirrai da dabbobi. Tun muna makarantar horon malamai da alli da allo aka koya mana shi, mu ma da alli da allo muke koyar da shi: yara su haddace cewa ganye yana fitar da iskar oksijin idan haske ya same shi, su rubuta a jarrabawa, su manta. Na so su ga kumfar iskar nan tana tasowa daga jikin ganye da idonsu, tunda gani ya kori ji.

Sati biyu na farko ajina ya koma gidan kallo, har ƴan wasu azuzuwa suna leƙe ta taga. A sati na uku gilashin ya fara yin kore-kore. Kafin a cika wata da rabi ruwan ya koma kamar miyar kuka, sai kifi ya matso jikin gilashi sannan ka san yana ciki. Gansakuka ce, wadda kowa ya sani a bakin rijiya da gindin famfo. Na raba wa yara aiki: kowace Juma'a kafin a tashi, mutum huɗu za su kwashe ruwan, su goge gilashin da soso, su zuba sabo. Ranar Litinin akwati tas. Ranar Alhamis kore ya dawo kamar ba a taɓa wankewa ba. Haka muka yi ta fama har wata safiyar Litinin muka tarar da kifi biyu sun juya ciki sama, sauran biyun suna saman ruwa suna buɗe baki.

Wata yarinya da ke zama a layin gaba ta tambaye ni, idonta cike da hawaye: "Mushe, mu muka kashe su?" Na ce mata a'a, gansakuka ce. Amsar nan ce ta jawo wannan rubutu, domin rabin gaskiya ce, kuma ni malami ne na faɗe ta a gaban yara sittin.

Kakan yarinyar masunci ne, a wajen Gamkalle yake zaune. Da labari ya kai masa, bayan kwana biyu sai ga shi ya biyo ta har makaranta, ya ce yana son ya ga mutumin da ke kiwon kifi a cikin madubi. Ya daɗe yana kallon akwatin, ya dubi tagar da ke kusa da shi, sannan ya ce, "Malam, ruwa ba ya tsami banza. Me kuke ba su?" Na ce, "Baba, abincinsu na kanti ne, ɗan kaɗan nake zuba musu da safe." Ya juya wajen yara ya sake tambaya. Nan asiri ya tonu. Wannan yana marmasa musu burodi, wancan ƙosai, wata har fura ta taɓa ɗiga musu, duk don ƙauna. Ni kuma, don a ga kifin da kyau, na ajiye akwatin daidai tagar gabas inda rana ke dukansa tun daga fitowarta. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Kun bar jaki kuna dukan taiki. Haka mu ma muke yi da kogi."

Maganarsa ta ƙarshe ce ta hana ni sakat, har na shiga bin tarihin abin.

Gansakuka tarin ƙananan halittu ne masu rayuwa irin ta tsiro, ba saiwa ba fure. Abu biyu take nema, haske da abinci narkakke a cikin ruwa. Abincin nan manoma sun san shi, don shi ne a rubuce a jikin buhun takin zamani da haruffa uku, N da P da K, kuma biyun farko, azot da fosfor, su ne abincinta na gaske. Burodin da ya ruɓe taki ne, kashin kifi taki ne. Iyayenmu mata sun riƙe rabin wannan ilimi tun kafin a buɗe lakwal a ƙasar nan: randa a inuwa take zama, da murfinta, cikinta ba ya kore, amma bar ruwa a farar roba a tsakar rana ka ga abin da zai faru cikin kwanaki. Mutuwar kifin kuwa da dare ta zo. Da rana gansakuka tana fitar da oksijin, da dare ita ma shaƙa take yi, ga ƙwayoyin halittun da ke ruɓar da burodi su ma suna shaƙa, ga shi ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Kafin asuba abin da ke cikin ruwan ya ƙare.

Ashe ba ni na fara faɗawa wannan rami ba. Mutumin da ake danganta wa haɗa kifi da ciyawa a akwati guda don su riƙe juna, wani masanin sinadarai ne na birnin Landan mai suna Robert Warington. A 1850 ya gabatar da rahoton wani gwaji: ya saka jan kifi biyu a cikin gilashi mai cin ruwa wajen lita hamsin, ya dasa wata ciyawar ruwa mai dogayen ganye sirara, wadda masana ke kira Vallisneria. Tunaninsa shi ne kifi ya ba ciyawa iskar da ya fitar, ciyawa ta mayar masa da wadda zai shaƙa, ba sai an canza ruwa ba. Da farko abin ya tafi daidai. Daga baya tsofaffin ganye suka fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace, kore ya rufe gilashi. Dabarar da ya yi ita ce ya kawo ƴan katantanwar tafki biyar ko shida ya saka. Suka cinye ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, ruwa ya washe, kifin kuma suka samu ƙwan katantanwa suna ci. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi da jama'a ke shiga kallo, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa kalmar akwariyom. Yayi ya kama Ingila, masu hali suka riƙa ajiye akwatin kifi a falo, sau da yawa a bakin taga kamar nawa. Da yawa daga ciki suka koma miyar kuka, yayi ya lafa. Masu ƙera akwatunan suka ɗauki darasi, suka riƙa rufe baya da gefuna da allon dutse, a bar gilashi a gaba kawai.

Warington ya samo wanda zai cinye gansakuka, waɗanda suka biyo bayansa a sana'ar sun koyi rage haske. Batun abinci ne ya ɗauki fiye da shekara ɗari kafin a warware shi, kuma a kan tafkuna aka yi rigimar. A shekarun 1960 manyan tafkunan Amurka da Kanada suka riƙa yin kore, musamman tafkin Erie, kifi na mutuwa, bakin ruwa na wari. Masana da yawa suka nuna yatsa ga fosfor da ke cikin ruwan masai da garin sabulun wanki, wanda muke kira omo. Masu sayar da sabulun suka ce ƙarya ne, wani sinadarin ne daban. Wani ɗan Kanada mai suna David Schindler ya yanke hukuncin da hanyar da kowane malamin firamare zai yaba. A 1973, a cikin dajin lardin Ontario, ya samu wani ɗan tafki mai siffar ƙwarya biyu da aka haɗa baki, wanda suka lakaba wa lamba 226. Ya raba shi biyu da labulen roba. Kowane ɓangare ya zuba masa azot da kabon daidai wa daida, amma ɓangare ɗaya kaɗai ya ƙara wa fosfor. Cikin ƴan watanni wannan ɓangaren ya zama kore shar, ɗayan yana nan garau. Hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ya yi aikin da dogon turanci ya kasa, ya ƙarfafa dokokin rage fosfor a sabulu da ruwan masai a ƙasashe da dama. Kafin wannan ma mutanen birnin Seattle sun gwada abin a aikace. Tafkin Washington da ke gefensu ya yi kore saboda ruwan masai da ake zuba masa, sai suka amince a kashe kuɗi a karkatar da shi. An yi aikin daga 1963 zuwa 1968. Ba wanda ya shiga tafkin da soso. Ruwan da a da ba a ganin abin da ya nutse mita ɗaya a cikinsa ya washe da kansa cikin ƴan shekaru.

To, mu dawo gida, wajen maganar tsohon nan.

Abin da ke rufe kogin Isa a nan Yamai ya fi gansakuka girma, ciyawa ce mai ganye da saiwa da fure, amma a kwano ɗaya suke cin tuwo, azot da fosfor da hasken rana. Mu ƴan lakwal mun san ta da sunan Faransanci, jacinthe d'eau, masana kuma suna ce mata Eichhornia crassipes. Da yawa daga mutanenmu kainuwa kawai suke ce mata, don ita ma yawo take a saman ruwa. Sai dai ba ɗaya suke ba. Tamu ta gado, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah, ƙarama ce, ganyenta a buɗe kamar salati. Wannan kuwa doguwa ce, gindin ganyenta a kumbure cike da iska, furenta shuɗi-shuɗi mai ɗaukar ido. Kuma ita dashen mutum ce, hannu da hannu aka yawo da ita duniya.

Asalinta yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, inda ƙwari da cututtukan da suka saba da ita ke taka mata birki. Kyan furenta ne ya fitar da ita. An nuna ta a wani babban bajekoli a birnin New Orleans na Amurka a 1884, mutane suka kai ta gidajensu suka saka a tafkunan ado, in ta cika sai su kwashe su watsa a rafi. Kafin ƙarshen ƙarnin ta hana jiragen ruwa wucewa a kogunan Florida da Louisiana. Abin ya kai har a 1910 wani ɗan majalisa daga Louisiana, Robert Broussard, ya gabatar da ƙudurin a shigo da dorina daga Afirka a sake su a fadamun jiharsa, su cinye ciyawar, mutane kuma su ci namansu. Ƙudurin bai wuce ba. Da sun aiko an tambayi mutanen Ayoru, da an gaya musu dorina ba ta zaman lafiya da gonar shinkafa, balle da kwalekwale.

A Afirka ta fara sauka Masar a ƙarshen ƙarni na 19, ita ma a matsayin furen ado. A shekarun 1950 ta mamaye kogin Kwango, kafin shekarun su ƙare ta bayyana a Farin Nilu a Sudan, inda ta riƙa taruwa a bayan madatsar Jabal Auliya kusa da Khartum. Sudan ta shafe shekaru tana fesa mata maganin kashe ciyawa da jiragen ruwa da na sama. A 1984 ta rufe hanyoyin ruwan Legas, bayan ta biyo ta ƙasar Benin. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 aka fara ganinta a kogin Isa, a wajen Bamako, da nan Nijar, da tafkin Kainji a Najeriya.

Lokacin zuwanta ya kamata mu tsaya mu duba. Ni ina cikin waɗanda suka ga 1985 da idonsu, ko da yake yaro ne ƙarami. A watan Yuni na shekarar kogin ya daina gudu a Yamai. Na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya riƙe hannuna mun sauka ƙarƙashin gadar Kennedy, gadar da aka buɗe a 1970, muna taka busasshen laka a inda kwalekwale ke wucewa a da. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya rage ruwan kogin ƙwarai, har daga baya aka gina shinge a Gudel don tare wa birnin ruwan sha a lokacin rani. A daidai wannan zamani kuma birnin yana kumbura. Ƙidayar 1988 ta samu kusan mutum dubu 400 a Yamai, ta 2012 ta samu sama da miliyan ɗaya. Ruwan kogi ya ragu, masu zuba masa ƙazanta sun ƙaru. Duk wanda ya taɓa ajiye kifi huɗu a lita hamsin ya san ƙarshen wannan lissafi.

Mu ƴan Zongo ba sai an ba mu labari ba. Unguwarmu zangon fatake ce tun asali, a tsakiyar tsohon gari, kuma ƙasarta gangare take zuwa kogi. Ruwan wanke-wanke, ruwan wanki da omonsa, abin da ke tsiyaya daga ramukan masai in damina ta cika su, sharar kasuwa, duk magudana ɗaya suke bi. Kwarin Gunti Yena, wanda ya ratsa birnin ya wuce ta gefen gidan tarihi na Boubou Hama ya faɗa kogi, shi ne babban maƙogwaron da ke kai wannan kaya. Dattawa suna cewa a da ana shan ruwansa. Yau in ka tsaya a kansa da rani hancinka zai ba ka labari. Ƙara da ruwan mayanka da majema, da takin da ke wankuwa daga gonakin shinkafa da lambunan bakin kogi. Babu wanda ya yi wannan da mugunta, kamar yadda yarana ba su marmasa burodi da mugunta ba.

Ina tuna farkon ganina da ita, ina ɗan shekara goma sha wani abu. Mukan gudu bakin kogi wajen ƴan wanki, mu tsinko furen mu kai gida, mu riƙa fasa kumburarren gindin ganyen da yatsa don mu ji ƙara. Ba wanda ya hana mu, don ba wanda ya san abin da take. Ita kuwa ba ta jiran iri. Kowace uwa tana miƙa hannu ta gefe ta haifi ƴa, ƴar ta haifi tata, in ruwa ya yi ɗumi kuma akwai abinci tabarmar takan ninka kanta cikin sati biyu ko ƙasa da haka. Irin da furen ya zubar kuma yana iya kwanciya a cikin laka shekaru masu yawa, yana jiran ruwa ya janye ya dawo.

Kakan ɗalibata ya lissafa mini ɓarnarta ba tare da ya buɗe littafi ba. Taru ba ya shiga ruwan da ta rufe, in ya shiga ba ya fita lafiya. Kwalekwale ba ya kaiwa gaɓa. Ƙarƙashin tabarmar duhu ne, ba iska, kifi ba ya zama. Tana danne ciyawar fadama da ake kira burgu, wadda shanu ke dogara da ita da rani. Manoman shinkafa kuma suna kuka da toshewar magudanai da bakin injunan ban ruwa. Akwai abin da bai faɗa ba, wanda ya fi shafar iyaye: saiwoyinta mafaka ne ga sauro da kuma ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jinin nan da ke kama yaranmu masu wanka a kogi. Da jan ruwan damina ya zo, ko baƙin ruwan da ke isowa daga Gini lokacin sanyi, sai ya yage tabarmar ya yi gaba da ita, ta wuce Gaya ta shiga ƙasar Yawuri. Mu ce Alhamdu lillahi ta tafi, mutanen Kainji su ce ga ta nan ta zo. A can har shingen ƙarfe aka gitta a kan kogin don tare ta kafin ta shiga tafkin.

Yaƙin da aka yi da ita a nan ya fi kama da aikin Juma'ar ajina. A tara matasa da masunta da kwalekwale da manjagara, a kwashe, a tara a gaɓa, a ɗauki hoto. An yi hakan sau da yawa, har a tsakiyar shekarun 2000 Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗin wani shiri na yaƙi da ciyayin ruwa masu mamaya a ƙasashen Yammacin Afirka, Nijar na ciki. Ba na raina aikin. Wanda gaɓarsa ta toshe yau ba zai jira a gyara magudanan birni ba. Amma ranar Alhamis tana nan zuwa.

Wasu ƙasashen sun bi hanyar Warington, wato a kawo mai ci. An koma asalin ciyawar a Kudancin Amurka aka samo wasu ƙananan ƙwari masu dogon baki, jinsin Neochetina, waɗanda ba sa iya rayuwa sai a kanta. Manyan suna kankare ganye, tsutsarsu tana huda kara ta ciki har ruwa ya shiga ciyawar ta nutse. An sake su a Amurka a farkon shekarun 1970, a Sudan a ƙarshensu, a Benin kuma cibiyar IITA da ke Kwatano ta fara sakinsu a 1991. Babban gwajin a tafkin Victoria aka yi shi, inda ciyawar ta rufe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a Kenya, ta riƙa toshe injunan wutar lantarki a Yuganda. An saki ƙwarin a tsakiyar shekarun 1990, kafin shekarar 2000 tabarmar ta ragu sosai. Har yau masana suna gardama kan rabon ƙwarin da rabon ruwan sama da guguwar 1997 da 1998 a wannan nasara. Abin da ba a gardama a kai shi ne ta sake dawowa bayan wasu shekaru, musamman a lungunan da ƙazantar birane ke zuba. Masu bincike a Afirka ta Kudu ma abin da suka lura ke nan: inda ruwa ya ƙoshi da taki, ciyawar tana tsiro da sauri fiye da yadda ƙwarin ke ci.

A ganina, cikin duk dabarun nan, kwashe ta a yi amfani da ita ne kaɗai ke rage wa kogin kayan da muka ɗora masa. In an fesa mata magani ta mutu ta nutse, takin da ta tsotsa ya koma ruwa. In an fitar da ita gaɓa an yi takin gona da ita, to an fitar da azot da fosfor tare da ita. Masu lambu a bakin kogi sun fara gane haka. A 2017 kuma wata ƴar Nijar, Mariama Mamane, ta samu lambar yabo ta matasa ta hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya saboda shirinta mai suna Jacigreen, na ruɓar da ciyawar a samar da taki da iskar gas. Abin alfahari ne, ina kuma ba ɗalibaina mata labarinta kowace shekara. Sai dai a kula, ciyawar ba ta zaɓen abin da take tsotsa. Wadda ta girma a bakin magudanar majema ko masana'anta tana iya tara gubar ƙarafa a jikinta, bai kamata a kai ta kan salati ba sai an auna. Kuma fiye da kashi tara cikin goma na nauyinta ruwa ne, mai amalanke zai gaya maka abin da hakan ke nufi.

Na koma ajina da nufin gyara amsar da na ba yarinyar nan. Maimakon in yi jawabi, sai muka yi wa Schindler kwaikwayo irin na talaka. Muka samu kwalabe uku iri ɗaya, muka cika su da ruwan akwatin bayan ya ɗan washe. Ta farko muka ajiye a taga ba mu sa mata komai ba. Ta biyu muka jefa mata ƙwayar takin zamani biyu muka ajiye kusa da ita. Ta uku ita ma da taki, amma a cikin kabad muka kulle ta. Bayan kwana goma ta biyu ta koma miyar kuka, ta farko ta yi ɗan kore sama-sama, ta cikin kabad tana nan yadda take. Yarinyar ce ta fara magana. Ta ce, "Mushe, ashe da mu da rana ne." Na ce, "Da ku da ni. Ni na sa shi a taga."

Ga malaman da ke son gwadawa, ga abin da ya zaunar mana da akwatin. Mun ɗauke shi daga taga zuwa bangon da haske ke isa amma rana ba ta dukansa kai tsaye. Da farko mun lulluɓe shi da bargo kwana uku, koren ruwan ya mutu, muka canza rabinsa. Ciyarwa ta koma hannun yaro ɗaya a kowace rana, sau ɗaya, abin da kifi zai cinye cikin minti biyu, kuma sunansa a rubuce yake a allo don kowa ya san ba shi ba ne yau. Mun daina kwashe ruwa duka, domin hakan yana gigita kifi, yana kuma kashe ƙwayoyin halittu masu amfani da ke zaune a cikin yashi. Kashi ɗaya cikin huɗu muke canzawa a sati, da ruwan famfon da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti don maganin da aka sa masa ya fice. Ban sayi wasu kifin ba, biyun da suka rage ma sun ishi lita hamsin. Sannan muka ƙara ciyayi masu saurin girma, har da kainuwarmu ta gado a saman ruwa, tana yin inuwa tana kuma ƙwace wa gansakuka abinci, duk da jan kifin suna tsattsagar saiwarta. Kowace Juma'a mukan cire tafi guda daga ciki. Har yanzu akan ga ɗan kore a kusurwa, na daina ɗaukarsa abin kunya.

Abu ɗaya ne na ƙi ɗauka daga Warington, ina kuma roƙon kowane malami da kowane uba ya ƙi shi: katantanwa. Nasa na tafkin Ingila ne. Namu na kogi da tafkunan damina suna iya ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga, yaro ya sa hannu a ruwan ya isa. Duk ciyawar da aka ɗebo daga waje, babba ne zai wanke ta da safar hannu, ya ajiye ta a wani bokiti daban na wasu makonni, ya duba ko akwai katantanwa ko ƙwanta kafin ta shiga aji.

Bara wani yaro ya zo mini da baƙuwar kainuwar a leda, da furenta, ya ce a sa a akwati don ta fi tamu kyau. Ta fi ɗin kuwa. Na ce ba za ta shiga akwati ba, amma za mu ba ta masauki. Na wanke ta, muka sa ta a babbar roba a bayan aji da ɗan taki a ruwan, muka rufe da tsohon gidan sauro, muka buɗe mata shafi a littafi. Ranar da ta cika wata guda muka ƙirga bakwai. Da aka zo hutu mai gadi ya tambaye ni ko ya juye robar a kwata. Na tsaya na bi kwatar da ido har inda ta sha kwana ta nufi gangare. Muka shanya su a kan kwanon ɗakin ajiya kwana biyar, suka bushe suka koma abin da bai cika tafi biyu ba, muka ƙona a ramin shara.